Inbata Dillaliya Ce: Lissafin Cajin Mashin Mai Batir a Lakwaya

Abu na farko da ake lura da shi game da mashin mai caji shi ne shirunsa. A garin da kunne ya saba da ƙugin Boxer da Jincheng tun daga asuba, sai ka ga mutum ya gifta ka kamar iska ce ta ɗauko shi, ba hayaƙi ba ƙara, ko awakin da ke kwance a hanya ba su kauce ba sai da ya danna hon. Yara kan bi shi da gudu suna ihu. Manya kuwa tambaya ɗaya suke yi, kuma tambaya ce ta masu hankali: "To Malam, in ya ƙare, a ina kake ba shi wuta?"

A wasu unguwannin birnin Kano amsar ba ta da wuya: a jona shi a soket a kwanta. A Lakwaya, ɗaya daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gwarzo, da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita ta ɓangaren Kabo, soket ba abin dogaro ba ne. Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Ai da inbata." Gaskiya ne inbata tana cajin mashin. Sai dai a cikin wannan gajeriyar amsa akwai lissafin da ba kowane mai shago ke zama ya yi wa mai saye ba, kuma rashin yin sa ne ke sa a binne batir biyu a shekara guda, na gida da na mashin.

Abin da ya kawo mu nan

Ranar 29 ga Mayu, 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya sanar cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saya ƙasa da Naira 200 ta haura 500. A watan Yuli ta wuce 600, zuwa Oktoban 2024 kuma ta tsallake 1,000. Farashin gidan mai ke nan. Na ɗan bumburutu, mai sayarwa a galan da kwalba a bakin titi, wanda shi ne ainihin gidan man mutumin ƙauye, kullum yana sama da haka.

Ɗan birni yana da wurin gudu. Tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin Rabiu Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni, A Daidaita Sahu ta cike gurbin. Karkara kuwa mashin ne ƙafarta. Da zarar ka sauka daga babban titin da ya taso daga Kano ya bi ta Rimin Gado da ƙasar Kabo ya shiga Gwarzo, tafiyar kilomita saba'in ko kusa da haka, sauran hanyar ta mashin ce. Shi ke kai taki gona, shi ke kai buhun masara kasuwar Getso, shi ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti cikin dare, shi ke kai malamin firamare makarantar da aka tura shi. Da fetur ya ninka sau biyar, duk waɗannan suka ninka tare da shi. Ba abin mamaki ba ne da mashinan caji na kamfanonin ƙasar Sin, irin su Yadea da TailG da wasu da dama marasa suna, suka fara samun kasuwa a Arewa.

Sai dai an gudu daga fetur an faɗa hannun wuta, ita kuma wutar kowa ya san halinta. Kamfanin KEDCO, wanda ya gaji rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun Nuwambar 2013, yana kasa layukansa aji-aji. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin ajin A zuwa Naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana; aji na ƙarshe, wato E, awa huɗu aka yi masa alkawari. Ba sai an faɗa wa mutumin karkara a wane gefen jerin yake ba. A Oktoban 2024 ma, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, birni da ƙauye duk sun kwana a duhu fiye da mako guda. Wanda ke da faifan sola a kan rufi shi ne sarki a waɗancan kwanakin.

To sola ta riga mashin ɗin isowa. Tana shagon cajin waya, tana kan masallaci tana riƙe da lasifika, tana gidan mai sayar da ƙanƙara, tana kan rijiyar burtsatse. Da mashin mai caji ya zo, abin da ya tarar ke nan: fanel ɗaya ko biyu, batir guda, da ƙaramar inbata da aka sayo a Sabon Gari don ƙwan fitila da fanka da talabijin.

Me inbata take yi, me take ci

Inbata ba ta samar da wuta ko ƙwayar zarra. Wannan ne abin da ya fi shige wa mutane duhu, har ka ji ana cewa "inbatata babba ce, za ta ja," kamar girmanta ne abincin mashin. Wutar da ke cikin batir a miƙe take tafiya, hanya ɗaya, da ƙarfin bolt 12 ko 24 ko 48. Wutar NEPA kuwa kai-da-komo take yi sau 50 a kowace daƙiƙa, da ƙarfin bolt 230. Aikin inbata shi ne ta karɓi ta farko ta mayar da ita irin ta biyu, don kayan gida su gane ta. Dillaliya ce ke nan. Ba ta noma, ba ta da rumbu. Tana karɓa daga wannan hannu ta miƙa wa wancan, ta cire la'adarta. La'adar ita ce zafin da kake ji in ka taɓa jikinta da ƙarar fankar da ke cikinta: kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na duk abin da ya bi ta hannunta.

Abin dariyar shi ne, batirin mashin ba ya cin wutar NEPA. Irin ta batir yake so, mai tafiya a miƙe. Saboda haka cajar mashin ta sake juya wutar ta koma yadda take tun farko, ita ma ta cire tata la'adar kwatankwacin ta inbata. An ɗebi ruwa daga randa an zuba a tulu, amma ta hannun dillalai biyu, kowanne da ƙwarya mai yoyo. Cikin mudu huɗu da suka bar batirin gida, kusan uku ne ke isa batirin mashin.

Yanzu a zo ga awo. A jikin kowane batir akwai lambobi biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da Ah. In ka ninka su, ka raba da dubu, ka sami yawan yunit ɗin da batirin ke ɗauka, irin yunit ɗin da mitar KEDCO ke ƙirgawa. Mashin mai 60V da 20Ah, wanda yana cikin waɗanda aka fi gani, yunit 1.2 yake ci in ya ƙare ƙarƙaf. Mai 48V da 20Ah bai cika yunit ɗaya ba. Mai 72V da 20Ah ya kusa ɗaya da rabi. Batirin gida babba, mai 12V da 200Ah, wanda ƙarti biyu ke ɗauka da nishi, yunit 2.4 ne a takarda. Mutum ya duba ya ce ai ya ninka na mashin, zai cika shi har ya yi saura.

A takarda ke nan. Batirin darma irin wannan, ko na ruwa ko busasshe, ba a so a riƙa zuƙe fiye da rabinsa. In ana wuce haka kullum, kwanansa na raguwa da sauri. Abin da yake iya bayarwa cikin lafiya yunit 1.2 ne. Mashin kuma, in an haɗa da la'adar dillalan nan biyu, yana neman wajen 1.6. Wato a dare ɗaya an kwashe kashi biyu cikin uku na batirin gida, ba a kunna fanka ba, ba a kunna fitila ba, uwargida ba ta yi cajin wayarta ba. Wajen ƙarfe biyun dare inbata ta fara kuka, ta ɗauke. Da safe mashin bai cika ba, gida ya kwana cikin zafi da sauro, batirin da aka saya da kuɗin buhunan masara kuma ya ɗan matsa kusa da kabarinsa. A maimaita haka wata da watanni, sai a fara zagin mai shagon da ya sayar da batirin, alhali a wannan karon ba shi da laifi.

Batirin mota a madadin na gida ya fi wannan muni. An ƙera shi ne don ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu ya tayar da inji, ba don a tatse shi dare guda ba, kuma duk abin da ke cikinsa bai kai yunit ɗaya ba. Shi kuwa mai kunna ƙaramin janareta don ya yi wa mashin caji, ya kamata ya zauna da biro. Irin wannan janareta na shan wajen rabin lita a awa, caja kuma na neman awa bakwai zuwa takwas. Lita uku da ɗoriya ke nan don tafiyar kilomita 40 zuwa 50, tafiyar da Boxer zai yi da lita ɗaya da 'yan kai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Girman inbata da irinta

A nan labarin ya fi daɗi, domin cajar mashin ba maciyiya ba ce kamar dutsen guga ko hita. Caja mai ba da am uku ga batirin 60V tana jan wat 250 ko ɗan sama da haka. Inbata mai wat 500 na gaskiya za ta riƙe ta. Mai 1,000 ta fi kwanciyar hankali, musamman da yake a daidai lokacin da aka jona caja takan fizgi wuta mai yawa na ƙiftawar ido, ƙaramar inbata ta tsorata ta ɗauke. Na ce "na gaskiya" ne saboda lambar da ke jikin kwali ba rantsuwa ba ce. Akwai inbatar da ba ta fi tafin hannu biyu ba an rubuta mata 2,000, ka ɗaga ka ji kamar fanko. Nauyi ba ya ƙarya kamar fenti. Kuma wadda aka rubuta wa 1kVA, abin da take ɗauka a aikace wajen wat 800 ne.

Sai batun irin wutar da take fitarwa. Wutar NEPA hawa da sauka take yi a hankali, kamar tudu da gangare. Inbata mai kyau tana kwaikwayon wannan daidai, ita ce ake rubuta wa Pure Sine Wave a jiki. Mai araha kuwa tsalle take yi, kamar matattakalar bene. Fitila ba ruwanta, amma fanka za ka ji tana gurnani, caja kuma takan yi zafi fiye da kima. Wata cajar za ta jure shekara, wata ta ƙone a mako, wata ta ƙi tashi sam. Da yake cajar mashin awa bakwai take yi a jone, ba minti goma ba, wannan ba wurin neman araha ba ne.

Akwai kuma abin da ake rainawa, shi ne wayar da ke tsakanin batir da inbata. Wat 250 a ɓangaren bolt 230 ɗan abu ne, am ɗaya da kaɗan. A ɓangaren bolt 12 kuwa am 25 ne ke bi ta wayar, dare guda cur. Siririyar waya da aka murɗa a kan batir da hannu, ko aka maƙala da ɗan kilif, za ta yi zafi har robarta ta narke. Waya mai kauri, gajeriya, a ɗaure da noti, da fiyus kusa da kan batir: mai haɗa sola na kirki ba sai an roƙe shi wannan ba. In an haɗa batir biyu aka koma bolt 24, nauyin da ke kan wayar ya ragu da rabi.

Cajar aro

Ɗabi'ar aron caja ta biyo mu daga waya, kuma a mashin tana kisa. Bakin cajojin da yawa iri ɗaya ne, mai ƙafa uku kamar na butar lantarki, sai mutum ya ga ta shiga ya ce shi ke nan. Shiga ba dacewa ba ce. Wasu kamfanonin ma a juye suke ɗaura ƙafafun, abin da yake ja a wannan shi ne baƙi a wancan.

Batiran mashin iri biyu ne. Akwai na darma, tubala masu bolt 12 da ake jerawa huɗu ko biyar ko shida a ƙarƙashin kujera. Su ne a yawancin mashinan masu sauƙin kuɗi. Akwai na litiyam, marasa nauyi, masu tsada. Duka biyun za a iya rubuta musu 48V, amma cajar na darma tana turawa har wajen bolt 59, na litiyam mai ƙwaya 13 a jere kuwa iyakarsa 54.6, ba a ƙara masa ko kaɗan. A cikin batirin litiyam akwai ɗan allo mai gadi da ake kira BMS, wanda ke yanke wuta in ta yi yawa. In allon na kirki ne, zai ceci mai aron caja. In batirin haɗin bayan shago ne da tsofaffin ƙwayoyin kwamfuta, babu mai gadi sai Allah.

Wutar litiyam ba irin wutar da muka sani ba ce. Ƙwaya ɗaya ta yi zafi ta kama, ta kunna maƙwabciyarta, cikin daƙiƙu ɗaki ya cika da hayaƙi mai guba, kuma ko an kashe takan sake tashi. A birnin Niyok na Amurka, a shekarar 2023 kaɗai, 'yan kwana-kwana sun ƙirga gobara 268 daga irin waɗannan batira, mutum 18 suka mutu. A Fabrairun 2024, a birnin Nanjing na ƙasar Sin, gobarar da ta tashi daga inda ake ajiye mashinan caji a ƙasan wani dogon bene ta kashe mutum 15. Waɗannan wurare ne da motar kashe gobara ke isowa cikin mintuna.

Ka dubi gidan Bahaushe. A ina mashin ke kwana? A zaure, saboda ɓarayi. Zaure kuma shi ne ƙofa ɗaya tilo ta shiga da fita. Sau da yawa a nan ake jingine harawa da kara, wani lokaci har da jarkar fetur ta ɗaya mashin ɗin. Wanda ya jona batirin litiyam a zaure ya shiga ɗaki ya yi barci, ya ajiye garwashi a bakin ƙofar iyalinsa. Gara tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, nesa da abin da ke kamawa, a lokacin da ido biyu ke kusa. Batirin da ya kumbura, ko ya faɗi ya lotsa, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi, ba a sake jona shi.

Zafi ma abokin gaba ne ko babu gobara. A bazara, Maris zuwa Mayu, zafin ƙasar Kano na haura digiri 40 a inuwa, cikin shagon kwano kuwa sai wanda ya shiga. Litiyam ba a so a yi masa caji in ya wuce digiri 45. Na darma kuma, duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana rage kwanansa da kusan rabi. Mashin da ya dawo daga tafiya da goyo da buhu, batirinsa na huci, a bar shi ya sha iska rabin awa kafin a jona, kamar yadda ba a shayar da doki yana haki. Shi ma batirin ruwa na gida yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta idan yana caji, don haka ɗakinsa na son taga, kuma ruwan batir ake ƙara masa, ba na rijiya ba.

Rana tsaka

Duk wannan lissafin yana nuna wuri ɗaya. Ƙasar Kano na samun abin da ya kai awa biyar da rabi na cikakkiyar rana a kullum in an daidaita shekara. Fanel mai wat 300, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya, yana ba da yunit ɗaya da 'yan kai a yini. Biyu daga cikinsa sun isa su riƙe cajar mashin daga hantsi zuwa la'asar, wutar tana gangarowa daga rufi ta wuce ta inbata zuwa mashin, batirin gida yana gefe bai ba da komai nasa ba. Mai kuɗin ƙara abu ɗaya a kan solarsa, fanel ya kamata ya ƙara kafin batir: fanel na yin shekara ashirin, batirin darma kuwa in ya yi uku an gode. Sai dai a tuna da hunturu, lokacin da hazo da ƙura ke rufe gilashin har wuta ta ragu sosai, tsumma da ɗan ruwa da sassafe su ne maganin. Da kuma marka a watan Agusta, da rana kan yi kwana biyu ba ta leƙo ba.

Akwai ma hanyar sallamar dillalan gaba ɗaya. Ana samun ƙaramar na'ura ta MPPT mai ɗaga ƙarfin wuta, wadda ke karɓa daga fanel kai-tsaye ta zuba wa batirin mashin, ba inbata ba caja. La'ada ta koma ɗaya, kuma ƙarama. Sharaɗinta shi ne a saita ta daidai da irin batirin, aikin wanda ya san abin da yake yi ne, ba na gwaji ba.

Matsalar ita ce rana da mashin lokacin aikinsu ɗaya. Malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, mai shagon da ke zuwa da safe ya ajiye mashin sai yamma, duk wannan tsarin ya yi musu daidai, in akwai fanel a inda suke yini. Ɗan acaɓa kuwa rana tsaka ce kasuwarsa. Ba zai tsaya awa bakwai yana kallon jar fitila ta koma koriya ba. Batiri na biyu zai taimaka, amma jerin darma biyar ya haura kilo 30 kuma a ɗaure yake a cikin mashin. Na litiyam ne ake zarowa da hannu ɗaya.

Wannan ce matsalar da wasu ƙasashen suka warware ta hanyar raba mashin da batirinsa. A Kigali ta Ruwanda kamfanin Ampersand, a Jamhuriyar Binin da Togo kamfanin Spiro, sun kafa tashoshin musaya: ɗan acaɓa ya zo da wanda ya ƙare, a ba shi cikakke cikin mintuna, ya biya kuɗin wutar kamar yadda yake biyan na mai. Batirin na kamfani ne, su ke kula da cajinsa da zafinsa. Ruwanda har ta daina yi wa sababbin mashinan haya masu fetur rajista a Kigali daga Janairun 2025. A Najeriya ma kamfanin MAX ya gwada mashinan caji a ƙauyen Gbamu Gbamu na jihar Ogun, inda ƙaramar tashar sola ta gari ke ba su wuta. Kano ba baƙuwar babbar sola ba ce: akwai mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019, da mai megawat 10 a Challawa da aka buɗe a Janairun 2023. Duk suna bakin birni. Mai mashin a yammacin jihar shi ne kamfanin wutar kansa, shi ne injiniya, shi ne kuma mai ɗaukar asara.

Kuɗin da ba a gani

Ko da farashin ajin A na Afrilun 2024 aka yi lissafi, cika mashin mai yunit 1.2 bai kai Naira 400 ba, a tafiyar da fetur zai ci fiye da 1,000 a farashin Oktoban 2024. Da sola kuwa sai mutum ya ji kamar kyauta yake hawa. Ba kyauta ba ce, bashi ne da ake biya a dunƙule. Batirin darma na mashin yana ɗaukar cikawa da ƙarewa wajen sau 300 kafin ya fara gajiya, a yashi da burji da goyon mutum biyu ma bai kai haka ba. Mai tafiyar kilomita 15 a rana zai ci shekara biyu da shi. Mai yin kilomita ɗari a rana, caji biyu ke nan, wata biyar ya cinye shi. Litiyam irin wanda ake rubuta wa LiFePO4 yana haura sau 2,000 kuma ya fi sauran jure zafi, amma kuɗinsa na farko ne ke korar mutane. Duka biyun da dala ake shigo da su, dalar da ta tashi daga wajen Naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024. Mai dabara yakan jefa wani abu a asusu duk ranar da ya yi caji, kamar zubin adashi, don ranar kwasa tana nan tafe. Kuma na darma ba a barinsa ya kwana a ƙare. In ya yi kwanaki babu caji, wani farin gishiri na kama farantan cikinsa, ba ya sake komawa yadda yake.

In ya mutu kuma, 'yan gwangwan na saye da daraja saboda darmar da ke ciki. A sayar musu da shi a rufe. Fasa shi a tsakar gida, a zubar da ruwansa inda yara ke rarrafe, ko a narka darmar a murhu, abu ne da Arewa ta riga ta ga ƙarshensa ta wata hanyar: a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ƙurar darma daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Darmar batir da ta dutse guba ɗaya ce.

Saura mai shagon cajin waya, wanda shi ne mutum na farko da mai sabon mashin ke tunkara, ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Oga, nawa za ka yi mini cajin wannan?" Kafin ya yanka farashi, ya kamata ya san me aka kawo masa. Babbar waya ta zamani, har da asarar caja, ba ta wuce kashi ɗaya cikin arba'in na yunit ba. Mashin guda yana cin wutar waya sittin. A ce Naira 100 yake karɓa a kowace waya, to wutar Naira 6,000 ce za ta shige cikin mashin ɗaya, kuma babu mai mashin da zai biya ko rabin haka. In daga batirin shagon zai ba shi da daddare, ya karya jarinsa da hannunsa. In kuwa yana da fanel ɗin da ke zaune banza daga ƙarfe sha ɗaya, bayan batirinsa ya cika, wutar da rana ke zubarwa a kan kwano ba mai tara ta, to wannan ce hajar da zai sayar. Sai ya nemi 'yar mitar nan da ake sakawa a soket tana ƙirga yunit, ya kafa rumfar kara daban da inda wayoyin mutane suke, ya gaya wa mai mashin ya zo da cajarsa, ya kawo da hantsi, ya dawo bayan sallar la'asar.